Magana a Tafin Hannu

A watan Oktoba na shekarar 1837, wani manomi da matarsa suka taso daga garin Hanover da ke jihar New Hampshire ta Amurka, suka kai ’yarsu birnin Boston, suka damƙa ta a hannun wani likita. Sunan yarinyar Laura Bridgman, ta kusa cika shekara takwas. Tana ’yar shekara biyu wani zazzaɓi mai fesar da jajayen ƙuraje ya shiga gidansu, ya ɗauke yayyenta mata biyu. Ita ya bar ta da rai, amma ya tafi da ganinta da jinta, ko ƙanshi da ɗanɗano bai bar mata ba sai ɗan kaɗan. Abin da ya rage mata na hulɗa da duniya shi ne fatar jikinta da yatsunta.

Likitan, Samuel Gridley Howe, shi ne shugaban makarantar makafi ta Perkins, wadda ta fara karɓar ɗalibai a 1832. A wancan zamani masana da yawa sun riga sun yanke hukunci cewa wanda ba ido ba kunne, babu ƙofar da ilimi zai bi ya shige shi. Makomar irin waɗannan yara ita ce ƙuryar ɗaki, ko gidan gajiyayyu, ko gidan masu taɓin hankali. Howe bai yarda da wannan hukunci ba. Hasali ma mahaifiyar Laura ta riga ta ƙaryata shi a cikin gidanta, domin ta koya wa yarinyar saƙa da ɗinki da ƙananan ayyukan gida ta hanyar ɗora hannunta a kan aikin. Suna da ’yan alamu da suka saba da su: a shafa mata kai, ta yi daidai ke nan; a jawo ta, zo ake nufi; a ɗan tura ta, tafi.

Howe ya fara da kayan da yarinyar ta riga ta sani. Ya ɗauko cokali da wuƙa da mabuɗi, ya manna wa kowanne takarda mai ɗauke da sunansa cikin haruffa masu tudu, waɗanda yatsa ke iya bi. Laura ta yi ta shafawa har ta gane tudun da ke jikin cokali ya bambanta da na jikin mabuɗi. Sai aka ɓamɓare takardun aka cuɗa su, aka bar ta ta mayar da kowace ga abinta. Daga nan aka yayyanka kalmomin harafi-harafi, ta riƙa jerawa. Makonni tana yin wannan a matsayin wasan kwaikwayo da hadda, har ranar da ta farga cewa da waɗannan alamu za ta iya fitar da abin da ke ranta ta miƙa shi ga wani mutum. Bayan haka aka koya mata haruffan yatsu irin na kurame, ana siffanta mata su a tafin hannu. Wahalar aikin yau da gobe kuwa, wasu malamai mata ne suka ɗauke ta, Lydia Drew da Mary Swift da Sarah Wight, ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta yi shekaru hannunta cikin hannun yarinyar.

A 1842 marubucin nan na Ingila, Charles Dickens, ya ziyarci makarantar, ya ba da labarin Laura a littafin tafiyarsa mai suna American Notes. Sunanta ya zaga duniya, jama’a suka riƙa tururuwa zuwa kallonta. Amma da aka ga ta kammala karatu aka mayar da ita gida, sai ta tarar da gidan manoma da kowa ke fama da aikinsa, babu mai zama ya yi ta hira da ita a hannu. Kaɗaici ya kama ta, ta daina cin abinci, ta rame har ana tsoron za ta mutu. Dole aka dawo da ita Perkins, inda ta zauna har rasuwarta a 1889. An ilimantar da yarinya, an manta da gidan da za ta koma, kuma sai da aka ƙara kusan shekara ɗari kafin masu wannan sana’a su ɗauki iyali a matsayin rabin aikinsu.

Littafin Dickens bai tafi a banza ba. Shekara arba’in da ’yan kai bayan fitowarsa, wata mata a garin Tuscumbia na jihar Alabama, Kate Keller, ta karanta shi, ta ga siffar ’yarta Helen, wadda aka haifa a 1880 kuma rashin lafiya ya ɗauke mata gani da ji tana da wata 19. Iyayen suka je wurin likitan ido a Baltimore, ya tura su ga Alexander Graham Bell, shi kuma ya haɗa su da Michael Anagnos, surukin Howe wanda ya gaje shi a Perkins. Anagnos ya zaɓi wata budurwa ’yar shekara 20 da ta gama makarantar a 1886, Anne Sullivan. Ita kanta ciwon ido ya kusa makantar da ita, kuma ta yi ƙuruciyarta a gidan gajiyayyu na Tewksbury. A Perkins ta zauna da Laura Bridgman, ta iya haruffan yatsu don hira da ita, ta kuma karanta rahotannin da Howe ya bari. Da ta isa Tuscumbia ranar 3 ga Maris 1887, tana ɗauke da ’yar tsanar da Laura ta ɗinka wa riga.

Bayan wata ɗaya da kwana biyu, ranar 5 ga Afrilu, aka yi abin da duniya ta fi tunawa. A bakin famfon tuƙa-tuƙa, ruwa na kwarara a hannun Helen ɗaya, Sullivan na siffanta mata haruffan sunan ruwa a ɗayan, sai yarinyar ta gane cewa kowane abu yana da suna. Kafin dare ta kama kalma 30. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne dabarar da Sullivan ta bi kafin ranar da bayanta. Ta ajiye darasin zama a kujera, ta koma yi wa Helen magana a hannu daga safe har dare, cikin cikakkun jimloli, a kan duk abin da suke yi, ko ta gane ko ba ta gane ba, yadda ake yi wa jariri surutu tun kafin ya buɗe baki. Helen ta sami digiri a kwalejin Radcliffe a 1904, Sullivan kuma ba ta rabu da ita ba har mutuwa ta raba su a 1936.

Sai dai Laura da Helen duk sun taɓa gani sun taɓa ji. Kowacce ta yi wata goma sha tara ko shekara biyu tana kallon fuskar uwarta tana jin muryarta kafin duhu da shiru su sauka. Yaron da aka haifa a haka fa, ta ina za a ɓullo masa?

Amsar farko ta fito daga Faransa. A 1895 wani maƙerin gangunan katako ya kai ’yarsa Marie Heurtin, mai shekara 10, makarantar kurame mata ta Larnay kusa da birnin Poitiers, bayan ya ƙi shawarar a kai ta gidan masu taɓin hankali. An haife ta ba gani ba ji, kuma ta yi watanni tana birgima da kururuwa, ba ta yarda a taɓa ta. Wata sistar coci mai suna Sainte-Marguerite ta lura cewa akwai abu ɗaya da yarinyar ba ta rabuwa da shi, wata ’yar wuƙar aljihu da ta zo da ita daga gida. Sai ta riƙa karɓe wuƙar, ta kama hannayen Marie ta goga ɗaya a kan ɗaya kamar ana yanka, sannan ta mayar mata. Ta yi ta maimaitawa. Ranar da Marie ta yi alamar da kanta don a ba ta wuƙarta, magana ta samu. Daga wuƙa aka wuce zuwa burodi da ƙwai, daga nan zuwa haruffa da rubutun makafi na Braille. Kafin rasuwarta a 1921, ita ce ke taya malamai karɓar sababbin yara irinta, har da ƙanwarta Marthe.

A farkon ƙarni na 20 aikin ya bazu kaɗan-kaɗan. Suwidin ta riga ta buɗe makaranta ta musamman tun 1886 a ƙarƙashin Elisabeth Anrep-Nordin. A Amurka wata malama, Sophia Alcorn, ta fito da hanyar Tadoma, inda yaro ke ɗora babban yatsansa a leɓen mai magana, sauran yatsun a muƙamuƙi da maƙogwaro, yana karanta motsi da rawar murya. A Tarayyar Sobiyet, Ivan Sokolyansky ya fara makaranta a Kharkov a shekarun 1920, almajirinsa Alexander Meshcheryakov kuma ya jagoranci wadda aka buɗe a Zagorsk kusa da Mosko a 1963. Su Rashawa ba da kalma suke farawa ba, da cin abinci da sa riga suke farawa. Malama za ta riƙe hannun yaro da cokali su kai baki tare. Da zarar ta ji hannun ya fara motsi da kansa, sai ta sassauta, ta koma wuyan hannu, gobe ta koma gwiwar hannu, har ta saki. A 1977 ɗalibai huɗu na Zagorsk suka kammala karatun ilimin halayyar ɗan’adam a Jami’ar Mosko, ko da yake daga baya ɗaya daga cikinsu, Sergei Sirotkin, ya fito fili ya tunatar cewa ba a haife su cikin cikakken duhu da shiru ba, don kada a ɗora wa sauran yara ma’aunin da ba nasu ba.

Duk da haka, har tsakiyar ƙarnin aikin bai wuce na ’yan tsirarun yara masu sa’a ba. Cuta ce ta tilasta masa girma.

A 1941 wani likitan ido a birnin Sidni na Ostireliya, Norman Gregg, ya ga jarirai masu yanar ido sun yi yawa fiye da yadda aka saba. Ya ji iyaye mata a ɗakin jira suna hirar cewa sun yi rubela suna da ƙaramin ciki, wata cuta mai kama da ƙyanda wadda ba ta wuce ɗan zazzaɓi da ƙuraje na kwana biyu uku ba. Da ya tattara bayanan jarirai 78, ya tarar uwayen 68 sun yi cutar. Yau an san cewa idan rubela ta kama mace a makonnin farko na ciki, tana iya taɓa jarirai har tara cikin goma, ta lalata ido da kunne da zuciya, wani lokaci har ƙwaƙwalwa.

A Birtaniya iyaye mata ne suka fara motsawa. A 1955 Peggy Freeman da Margaret Brock, ɗaya da ’yarta, ɗaya da ɗanta, waɗanda rubela ta taɓa, suka haɗu suka kafa ƙungiya da iyalai goma. Babu makarantar da ke karɓar ’ya’yansu, babu likitan da ke da amsar tambayoyinsu, sai suka riƙa rubuta wa juna abin da suka gwada ya yi: yadda ake sa yaron da bai san dare da rana ba ya yi barci, yadda ake saba masa da abinci mai tauri, yadda ake yaye shi daga ƙunzugu. Wannan ƙungiya ce ta zama Sense, ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin aikin a duniya.

Sai annobar rubela ta faɗa wa Amurka a 1964 zuwa 1965. Mutum miliyan 12.5 suka kamu, aka haifi jarirai kusan 20,000 da larurar rubela, 11,600 daga ciki kurame, 3,580 makafi, da dama sun haɗa biyun. Rigakafin bai samu ba sai 1969. Hukumomi suka lissafa cewa nan da shekara biyar waɗannan yara za su isa shiga makaranta, alhali gurabun da ake da su a ƙasar kaf ba su taka kara sun karya ba. A 1968 majalisar dokoki ta kafa dokar buɗe cibiyoyin shiyya-shiyya don yara makafi kuma kurame, aka fara da takwas aka kai goma. Dokar ta ɗora musu aiki uku: su binciki yaro su gane abin da ya rage masa na gani da ji, su tsara masa karatu, su kuma ba iyaye da malamai da duk mai hidima da shi shawara da horo. Daga baya aikin ya koma hannun ofisoshi na jiha-jiha, waɗanda ma’aikatansu ke bin yaro har gida da ajin makarantar unguwarsu. Ƙidayar da suke yi duk shekara tana nuna yara da matasa wajen 10,000, kuma kusan tara cikin goma suna da wata larurar bayan ta ido da kunne.

Yaran rubela sun rikita duk abin da malamai suka sani. Da yawa ba sa son a taɓa su, suna kwana suna jijjiga jiki, ko su ƙura ido ga fitila suna kaɗa yatsu a gabanta. Siffanta musu haruffa a hannu bai haifar da komai ba. Wanda ya fi kowa buɗe hanya shi ne Jan van Dijk, malami a makarantar kurame ta Sint-Michielsgestel a Holan, tun daga farkon shekarun 1960. Shawararsa ita ce babba ya bi yaro tukuna. In yaro na jijjiga, malami ya zauna jiki da jiki da shi su yi tare, sai ya tsaya cak ya jira. Ɗan motsin da yaro zai yi don a ci gaba, ko tura kafaɗa ko jan riga, shi ne maganarsa ta farko, kuma dole a amsa masa nan take. Daga nan su riƙa rarrafe da tafiya da hawa tare, kamar yarinyar da ke riƙe taɓarya ɗaya da uwarta har hannunta ya kama bugun daka.

Daga wannan makaranta ne akwatin jadawali ya yaɗu. Akwati ne mai gida-gida a jere, kowane gida da abu ɗaya: kofi na nufin karin kumallo, soso na nufin wanka, takalmi na nufin fita. Da safe yaro zai bi su da hannu daga hagu zuwa dama, ya san yadda yininsa zai kasance. In aka gama abu, ya jefa alamarsa a kwandon abin da ya wuce. Yaron da a da ake sungumarsa ba sanarwa a tsoma shi a ruwa, yanzu ya san abin da ke tafe, yana ma iya ture soson ya ce ba yanzu ba. Sannu a hankali a rage soson zuwa ɗan yanki a kan kati, katin ya zama alamar hannu ko kalmar Braille.

Sauran ƙa’idojin da ƙwararru ke koya wa iyaye a yau duk daga irin wannan lura suka fito. Kowane mutum a gida ya kasance da shaidarsa, awarwaro ko zobe ko gemu, da zai ba yaro ya taɓa kafin komai. A taɓa kafaɗarsa kafin a ɗaga shi. Kada a fizgi hannunsa a ɗora a kan abu, domin hannun nan shi ne idonsa. Babba ya sa nasa hannun a ƙarƙashin na yaro, su tafi tare, yaron na da ikon janyewa. A jira amsa, ko da za ta ɗauki lokaci. A Kanada, John da Jacquie McInnes na makarantar Brantford da ke Ontario suka mayar da wannan sana’a mai zaman kanta a shekarun 1970: ma’aikaci ɗaya ga yaro ɗaya, wanda aikinsa ya zarce na ɗan jagora, don shi ke isar wa yaro labarin wanda ya shigo, da wanda ya fita, da dalilin dariyar da ake yi, kuma yana yin abu tare da shi ne maimakon ya yi masa.

Rigakafi ya kusa kawar da rubela a ƙasashe masu arziki, amma aikin bai ƙare ba, sanadin ne ya sauya. Yanzu akwai bakwainin da asibiti ke cetowa, da larurar CHARGE wadda aka sa wa suna a 1981 aka gano tushenta a ƙwayar halitta a 2004, da larurar Usher ta gado, inda ake haihuwar yaro kurma sannan ganinsa ya riƙa ƙanƙancewa yana girma. Mafi yawan yaran suna da ɗan sauran gani ko ji, shi ya sa tabarau da na’urar ƙara ji da gwajin jarirai suka shiga cikin aikin. Su kansu masu larurar sun karɓi ragama. A 2001 suka kafa tarayyarsu ta duniya a birnin Auckland, a 2006 yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman ta ambace su da suna a sashen ilimi, a 2007 kuma wasu daga cikinsu a Seattle, ciki har da Jelica Nuccio da aj granda, suka fara gina harshen Protactile, wanda gaba ɗayansa a kan jiki ake yin sa. Rahoton tarayyar na 2018 ya ƙiyasta cewa mutum biyu cikin kowane dubu a duniya na da larurar mai tsanani.

A Afirka, Gana na cikin waɗanda suka riga. Makarantar kurame ta Mampong-Akuapem, a garin da Ba’amurke kurma Andrew Foster ya zaunar da aikinsa bayan ya fara shi a Akara a 1957, ta buɗe sashen makafi kurame a 1978. Kenya na da makaranta ta musamman a Kabarnet. Perkins ta fara horar da malaman ƙasashe masu tasowa gadan-gadan daga 1989, Sense International kuma, wadda aka kafa a 1994, ta sa hannu wajen gwajin ido da kunnen jarirai a asibitocin Kenya da Yuganda, tana tura malamai gida-gida inda makaranta ta yi nisa.

A arewacin Nijeriya an daɗe da makarantar makafi ta Gindiri, tun 1953, Kano na da makarantar Tudun Maliki, kurame na da maganar hannu tasu ta gargajiya, makafi na da sarakunansu da unguwanninsu. Amma kowane ɗayan waɗannan ya dogara ne da gaɓar da ta rage: makaho da kunnensa, kurma da idonsa. Yaron da ya rasa biyun yakan faɗa a tsakani, alhali cututtukan da ke jawo larurar ba baƙi ba ne a yankin. Ƙyanda na makantarwa, sanƙarau na kurumtarwa, kuma annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci ta samu sa hannu a Janairun 2019, a Oktoban 2025 kuma ƙasar ta ƙaddamar da rigakafin haɗin gwiwa na ƙyanda da rubela ga yara daga wata 9 zuwa shekara 14, shekara 56 bayan samuwar allurar rubela. Allurar za ta kare cikin da ba a ɗauka ba tukuna. Yaran da aka riga aka haifa kuwa, bukatarsu ita ce a ƙidaya su, a horar da malaman da za su bi su gida, a kuma zauna da uwayensu a nuna musu yadda kofi da soso da takalmin da ke tsakar gida za su zama darasin farko.